Tsirkiyar Abba Ta Ƙi Zama

A gidanmu na Lucknow, a ƙasar Indiya, akwai wata doka da ba a taɓa karya ta ba. Duk ranar da mutum ya kaɗa sitar, molon nan namu mai dogon wuya, a gaban jama'a da tsirkiyar da ba ta zauna daidai ba, ranar zai naɗe kayansa a zane, shi da kiɗa har abada. Kakana haka ya yi. Ya naɗe tasa da damina, bai ga damina ta gaba ba. Shi ya sa da na gane Abba ya daina ji sosai, tsoro ya shige ni ya yi zamansa.

Abba shi ne Ustad Basharat Husain, ni kuma Nikhat, 'yarsa, ɗalibarsa. Ni ke kaɗa masa tanpura, wadda ke riƙe muryar tushe yayin da sitar ke yawonta. Ba wanda ya gaya mini zancen kunnensa. Tukunyar dafa miyar wake ce ta tona asiri, irin mai busa usur ɗin nan: tana ta ihu a kan wuta, yana zaune kusa da ita, ko waiwaye bai yi ba. Shi bai ce ba, ni ban ce ba. Wa zai dubi idon makaɗi ya ce masa kunnensa ya mutu?

Da Abba irin makaɗan yanzu ne, da da sauƙi. Su a bayan labule suke saita kayansu da wayar hannu, su fito su yi ta gudu a kan tsirkiya kamar kare ya biyo su. Abba ɗan gargajiya ne. Sitarsa babba ce, tana da kauraran tsirkiyoyin nan masu zurfin murya da yawancin mutane suka cire, kuma a gaban jama'a yake saita ta, a tsanake, ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce wanda ba zai iya zama ya ji ana saita tsirkiya ba, me ya zo ji?

Mai tanpura a bayan malami take zama. Amma tun bara Abba ya matso da ni gefensa, har ma ɗan gaba kaɗan, bai faɗi dalili ba. Ƙanwarsa, Gwaggo Zaibun, ta yi ta mita. Abin da ya fi ba ta haushi fuskata ce. Tun ina yarinya, in tsirkiya ta karkace ko da kaurin gashi ne, idona na hagu sai ya tsuke, bakina ya yamutse kamar na tauna ɗanyar tsamiya. Ba da gangan nake yi ba.

Ranar tunawa da rasuwar kakana, da safe ake taruwa a tsakar gidanmu. Lokacin sanyi ne. An shimfiɗa fararen zannuwa, ana ta zagayawa da shayi a kofunan ƙasa. Ina gyara mayafina Gwaggo ta ja ni bayan ƙofa.

"Ke, yau ki adana mini wannan fuskar taki ta mai cin tsami," in ji ta. "Kin ga wanda ke gaba?"

Na leƙa. Pandit Chaube ne, tsohon da kunnensa ya ajiye makaɗa da dama a garin nan. Yana zaune yana taunar ganyen pan, wanda muke tauna kamar goro.

"Na gan shi, Gwaggo."

"To ba sai ya wahalar da kunnensa ba, fuskarki kawai zai duba. Ɗaliba ba ta ɓata fuska a gaban malaminta. Ko gwangwani ubanki ya kaɗa, murmushi za ki yi. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Daga idonta na gane ita ma ta san zancen kunnen Abba.

Abba ya fito, ya taɓa kunnensa ya ambaci sunan mahaifinsa kamar yadda makaɗa ke yi don girmama malaminsu, ya zauna ya ɗora duman sitar a tafin ƙafarsa ta hagu. Na fara kaɗa tanpura. Kauraran tsirkiyoyin ba su ba shi wahala ba, don rurinsu yana bi ta duman ya shiga ƙafarsa. Na ɗan samu numfashi. Sai ya zo kan siririyar ta ƙarfe, wadda ita ce ke yin waƙar.

Ya kaɗa. Ta yi ƙasa, kaɗan ƙwarai, amma ta yi. Na ji idona na hagu yana neman tsukewa, na danne shi, na shimfiɗa murmushi. Abba ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, sannan ya murɗa maɗaurin tsirkiyar. Ta hau, ta zo daidai, ta wuce. Ya sake dubana. Ni kuwa murmushina na nan daram, kamar amarya a hoto.

Ya murɗa baya, ta faɗo ƙasa da inda ta fara. Ya murɗa gaba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na safiyar nan ba. Yatsuna suna tafiya a kan tanpura, amma ba na jin su. Zufa ta keto wa Abba a goshi cikin wannan sanyin. Tsirkiyar tana ta hawa, muryarta ta koma siririya kamar kukan sauro, na san saura ƙiris ta tsinke. Pandit Chaube ya daina tauna.

Sai Abba ya saki maɗaurin. Hannunsa ya sauka a kan koren zanen da ake naɗe sitar da shi, wanda ke ninke kusa da gwiwarsa. Na ga zanen, na tuna kakana zaune a lungu hannuwa a cinya. In ya ɗaga zanen nan, na san abin da zai biyo baya.

Ya sunkuyo wajena kamar mai gyara zama. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"'Yata, ina kika kai fuskarki? Kin bar ni a duhu."

Nan take na gane abin da ya sa ya matso da ni gaba. Duk tsawon watannin nan ba da kunnensa yake saita siririyar tsirkiya ba, da idona na hagu yake yi. Ni kuma yau, don ladabi, na rufe masa shi.

Na zubar da murmushin. Ya kaɗa, na yamutse fuska iya yamutsewa, kowa yana kallo. Na jiyo Gwaggo tana salati daga bayan ƙofa, ban kula ba. Abba ya sassauta maɗaurin a hankali, idonsa a kaina. Idona ya fara buɗewa. Ya ƙara kaɗan. Saura kaurin gashi. Ya tura ɗan dutsen adon da ke gindin tsirkiyar da yatsa, sai fuskata ta saki da kanta. A ƙarƙashin manyan tsirkiyoyi akwai ƙanana da ba a kaɗa su, sai dai su amsa in an faɗi gaskiya. Suka amsa gaba ɗaya.

Pandit Chaube ya ci gaba da tauna. "Yauwa," ya ce wa na kusa da shi. "Mutanen dauri ba sa gaggawa."

Abba ya shiga Todi, kiɗan safiya, ba ganga, ba gudu. Yakan ja tsirkiya ɗaya gefe ta ratsa muryoyi da yawa ba tare da ya sake kaɗa ta ba, ya sauka can ƙasa kan kauraran, ya zauna a murya guda har sai ta ƙare da kanta. Idonsa bai bar fuskata ba. Da ya zo wani wuri hawaye suka zubo mini, sai ya tsaya a nan, ya maimaita shi, ya sake maimaitawa.

Bayan an watse, ina tattara kofuna, ya kira ni. Yana zaune inda yake, sitar a jingine da kafaɗarsa, koren zanen na ninke. Abba bai taɓa tambayar kowa ra'ayinsa kan kiɗansa ba, ko Chaube.

"Nikhat," ya ce, "ya yi daɗi?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na tuna ba ji zai yi ba. Na ajiye kofunan, na durƙusa a gabansa inda hasken rana ke faɗa mini a fuska, na gyaɗa masa kai sosai.