Gishirin Lahsan a Tulun Majema

Ranar Laraba ƙanena Lahsan ya tsiyaye wa Allal majemi ido. Ban ga abin ba, amma kafin azahar duk wanda ya sauko ramin wutata sai ya ba ni labarin, kowa da irin nasa ƙarin. Alfadarin Lahsan ne ya tattake fatun da Allal ya shanya a bakin hanya. Allal ya zabga wa dabbar sanda a fuska, Lahsan ya diro daga amalanke riƙe da ƙugiyar da yake jan buhuna da ita, aka kaure. Ko da aka raba su, Allal na durƙushe cikin ruwan jima, hannu a fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. Idon dama ya tafi.

Lahsan tun yana ƙarami haka yake, zuciya a kusa, hankali a can nesa. Na doke shi har na gaji, bai sauya ba. Ranar kuwa da na same shi a gabana da ni zan fara fasa masa baki. Amma mama ɗaya muka sha, kuma ba ni da wani ɗan'uwa a duniya sai shi.

Allal yana da yayye biyu, Jilali da Bushta. Majeman Marrakesh ba sa kai ƙara wajen hukuma, su suke yi wa kansu shari'a. Jilali, babbansu, ya ɗora hannu a kan wuƙar kankare fata a gaban jama'a, ya rantse cewa ba ido zai cire ba, wuyan Lahsan zai yanka.

Ni Mbarak, aikina hura wutar gidan wankan unguwarmu. Ramin yana ƙarƙashin ginin, sai an sauko ta matakala, kuma bayan tarin dusar katakon da nake ciyar da wutar akwai wani lungu da ko matata ba ta sani ba. Nan na cusa Lahsan. Ya kwana a ciki, ni na kwana ina zaginsa ƙasa-ƙasa. Gudu ba zai fisshe shi ba, don majema suna da mutum a kowace ƙofar gari.

Abu ɗaya na sani game da Jilali. Mugu ne, amma mutumin zamanin da ne. A wajenmu wanda ka ci gishirinsa, jininsa ya haramta gare ka har ka koma ga Allah, kuma Jilali yana cikin waɗanda suka ɗauki wannan da nauyi fiye da sallarsu. Na kuma san cewa ko gari zai tashi, Juma'a ba ta wuce shi bai kawo tulun tanjiyarsa, naman da ake rufewa a tulu ya dahu a rushi, na binne masa a toka ba.

Sai na aika wa Rkiya, matar Lahsan. Da sassafe ranar Juma'a ta zo lulluɓe, ta miƙo mini kwando ta juya. Ƙwaurin bijimi ne a ciki, daga wajen Si Larbi mahauci, an sare shi gunduwa-gunduwa da ƙashinsa, ɓargo na leƙowa. Ga tafarnuwa, ga ƙwayar ƙamshin girki da ake kira kamun, ga za'afaran, ga tsohon man shanu, ga lemon tsamin da ita ta jiƙa cikin gishiri a gidansu tun bara. Na hana ta ɗaukar ko tsinke daga gidana. Ba na son gobe wani ya ce gishirin Mbarak ne ba na Lahsan ba.

“Tashi ka haɗa,” na ce wa Lahsan.

“Yaya, mutum ana neman wuyansa za ka sa shi girki?”

“Ka haɗa ko in kira su da kaina. Da hannunka, jakin banza. Ni ba zan taɓa ba.”

Ya jera naman cikin tulu. Ya yayyaga lemon, ya watsa tafarnuwar da ta kai ta mutum goma, ya zuba ruwa kaɗan. Ya rufe bakin da takarda, ya ɗaure da waya, ya koma raminsa kamar ɓera.

Hantsi bai gama fitowa ba na ji takun majema a matakala. Warinsu ma ya riga su isowa. Jilali na gaba rungume da tulunsu, an ɗaura masa zaren jar fata a hannu, alamar da kowa ya san tasu ce. Bushta na biye, idanunsa jajur.

“Ɗan toka,” in ji Bushta, “ina karen nan ƙanenka?”

“Da na sani da na riga ku zuwa wurinsa, Si Bushta.”

Marin da ya ɗauke ni da shi sai da na ga wuta biyu a ramin. Kafin in miƙe ya sa mini ƙafa a ciki, na kife kan itace. Ya zare wuƙa ya shiga caccakar tarin dusar, yana soka ta har iyakar hannunsa. Tsakanin bakin wuƙar da haƙarƙarin Lahsan ban san ko ya kai taki ɗaya ba.

“Ya isa,” in ji Jilali. “Za ka cika mana abinci da ƙura. Mbarak, ka ba shi wuri mai kyau. Bayan la'asar za mu ci, daga nan mu bi gari gida-gida.”

Suna fita na tofar da jinin bakina, na kwance jan zaren daga tulunsu na ɗaura wa na Lahsan. Nasu na tura shi can ƙurya tare da na sauran mutane.

Ƙwauri ba ya son gaggawa. In ka ba shi harshen wuta sai ya ɗaure ya zama igiya. Rushi yake so, toka mai zafi da ba ta ci ba ta mutu ba. Na haƙa masa gurbi a gefen da na fi yarda da shi, na binne tulun har wuya. Yinin nan ban taɓa kula da wani abinci kamarsa ba. In tokar ta huce in janyo sabuwa da shebur, in ta yi zafi da yawa in ja da baya. Ina kasa kunne ina jin ɗan ƙaramin tafasar da yake yi a ciki, jijiya na narkewa, ɓargo na sauka cikin romo. Kunnena ɗaya na kan tulu, ɗaya na kan tarin dusa, don wawan yana ta ƙoƙarin danne tari.

Allah ya taimake ni da ruwan sama. Tun azahar aka kece, ruwa mai sanyin da ke saukowa daga duwatsu masu ƙanƙara, wanda ke shiga har ƙashi. Ba mai zuwa lambu cin tanjiya kamar yadda aka saba duk Juma'a a irin wannan rana. Masu zuwa ɗaukar tuluna suka taru a ramina suna shan ɗumi, har da Si Larbi mahauci, tsoho mai faɗa a ji a unguwar. Majema suka iso jallabiyunsu sharkaf, gurasa a hammata.

“A nan za mu ci,” in ji Jilali. “Kawo akushi.”

Na ciro tulun da tsumma, na kaɗe tokar, shi ya kwance wayar da kansa. Da ya ɗaga takardar, ƙamshin ya sa ramin ya yi tsit. Ya juye. Naman ya zubo yana rabuwa da ƙashi don kansa, romon ya yi kauri, rawaya, mai na ƙyalli a samansa.

Bushta ya kai lomar farko. “Kai, Yaya! Yau wace aljana ce ta kama maka hannu? Kullum sai ka ba mu takalmi mu tauna.”

“Ci ka rufe mini baki.”

“Tafarnuwar dai kamar za a kori mayu.”

Jilali ya tauna a hankali, ya ɗan tsuke fuska. Gabana ya faɗi. Amma wa zai ƙi yabo a gaban mutane? Ya ɗauki ƙashi ya buga a gurasa, ɓargon ya zubo, ya haɗiye. Sai ya dube ni.

“Mbarak, matso ka sa hannu. Marin safe ya wuce, ba da kai muke ba.”

“Na ƙoshi, Si Jilali. Ku ci lafiya.”

Ina zan iya haɗiyar wani abu? Idona na kan akushin, jira kawai nake ya ƙare. Ya sake cewa in matso, na ce wuta na kira na. Suka sharce romon da gurasa har akushin ya yi kamar an wanke.

Sannan na je ƙurya na ciro ɗaya tulun, na dire shi a gabansu.

“Ga naku nan, Si Jilali. Ba a taɓa shi ba.”

Ya dubi tulun, ya dubi akushin. “Wanda muka ci fa?”

“Na Lahsan ne. Namansa, lemon gidansa, gishirinsa, hannunsa. Si Larbi, wa ya sayi ƙwauri wajenka da asuba?”

Tsohon ya ce, “Matar Lahsan. Ni na sara mata.”

“Fito,” na ce.

Dusar ta motsa, Lahsan ya rarrafo, fari fat da garin katako tun daga kai har ƙafa.

Bushta ya yi wata ƙara irin ta bijimi a mayanka, ya zabura da wuƙa. Jilali ya cafke hannunsa a sama ya murɗe, na ji ƙashi ya yi ƙas, wuƙar ta faɗi cikin toka. Bushta ya kai wa yayansa kai a hanci, jini ya ɓalle. Suka zube kan akushin suna birgima, mutane na mannewa da bango. Jilali ya hau kansa ya dinga buga ƙeyarsa da ƙasa yana cewa, “Ka ci! Ka ci, ɗan banza! A gaban mutane ka ci!”

Da ya sake shi, Bushta ya rarrafa gefe ya zura yatsu a maƙogwaro. Ya yi ta kakari har ya amayar da abin da ya samu, hawaye da majina na zuba.

“Ka wahalar da kanka a banza, ɗana,” in ji Si Larbi. “Ya riga ya shiga.”

Wallahi a lokacin dariya ta kusa ƙwace mini. Daɗi ya cika ni. Na yi wa majema wayo a cikin ramina, ƙanena zai kwana a gidansa.

Jilali ya miƙe yana share hanci da hannun riga. Ya tsaya gaban Lahsan.

“Kai ka tsira,” ya ce. “Ni da duk wanda ya fito daga gidanmu, ba mai taɓa ka. Ku shaida.”

Aka amsa an shaida. Sai ya juyo gare ni, muryarsa a kwance.

“Mbarak, a cikin abin nan da muka ci, me ye naka? Naman?”

“A'a.”

“Lemon? Man? Ko ƙwayar gishiri ɗaya?”

“Ba ko ɗaya,” na ce, har da ɗan alfahari.

“Na ce ka sa hannu a akushi tare da mu. Har na maimaita. Ka sa?”

Nan na gane. Na dubi Si Larbi, tsohon ya sunkuyar da kai. Na dubi sauran, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Loma ɗaya da na ci tare da su da ta rufe ni, ni kuma da bakina na ƙi ta.

“Rantsuwar wuya a kansa na yi ta, ta faɗi,” in ji Jilali. “Amma ido ya fita daga gidanmu, kuma kai da shi gida ɗaya ne.”

Ya ɗaga tulun Lahsan ya maka da ƙasa, ya zaɓi tsinin da ya fi kaifi cikin fasassun. Lahsan ya yi kukan kura ya yi kansa. Bushta ya tare shi da lafiyayyen hannunsa, ya kayar da shi, ya danne shi da gwiwa.

“A hankali, Bushta,” in ji Jilali ba tare da ya waiwaya ba. “Kada ka ji masa ciwo. Mun ci gishirinsa.”

Na ɗauki shebur, ya doke shi daga hannuna. Na kai masa naushi, kamar na naushi bango. Ya shaƙe ni ya haɗa bayana da tubalin murhu, zafin ya ratsa rigata. Lahsan na ta ihu, “Ni ne! Ni na yi! Ku cire nawa! Yaya!” Ba wanda ya kula shi.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har na jiƙa wandona, ba zan ɓoye ba. Amma ta gefen kafaɗar Jilali ina hango Lahsan a ƙasa, fuskarsa cike da dusa da hawaye, wuyansa lafiya, idanunsa biyu suna nan. Sai na daina kokawa.

“Wanne?” na ce.

“Na Allal na dama ne.”

Na juya masa wannan gefen, na ce wa Lahsan ya rufe nasa kada ya gani.