Gaisuwar Inna Dije

Illa mai rake bai iya karatu ba, ko sunansa aka rubuta masa ba ya gane shi, amma duk Matameye ba wanda sunansa ya kai nasa fita a rediyo. Shekara bakwai, kowane mako sai ya je bakin gidan waya wajen Ummaru mai rubuta wasiƙu, ya tsuguna ya jero mutanen da yake gaisarwa, Ummaru ya rubuta a kati a aika. Ran Juma'a bayan la'asar sai Sallau, mai shirin gaishe-gaishe, ya karanto: Illa mai rake na Matameye yana gaida mahaifiyarsa Inna Dije, da yayarsa Balki, da wane da wane. Shi kuwa Illa yana bakin kasuwa kusa da ɗaurin rakensa, rediyo a cinya, yana yi kamar bai ji ba.

To, a shekarar fari, bayan sojoji sun karɓi mulki, Buzaye suka gangaro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare a hanya, suka kafa 'yan bukkokin tabarma bayan gari. A cikinsu har da Algabid, wanda tun zamanin uban Illa yake sauka da raƙumansa a gonarsu ya bar musu taki. Bana da taguwa ɗaya ya iso, ita ma ƙashi da fata.

Wata Juma'a Sallau ya karanto gaisuwar Illa yadda ya saba, sannan ya ƙara: “Illa ya ce a gaya wa hukuma, fara mai rawani ta sauka a Matameye, a taimaka a aiko da maganin feshi.” Ya yi dariya har da tari, ya sa kiɗa.

Wasu a bakin kasuwa suka fara dariya, suka waiga suka ga Buzaye uku tsaye wajen mai goro, sai dariyar ta koma ciki. Kafin mako ya zagayo magana ta cika ƙasa. Daga Tanut da Agadas aka yi ta aika wa gidan rediyo takardun fushi, liman ya taɓo zancen a huɗuba, waɗanda suka yi dariyar ma suka fi kowa cewa abin bai dace ba. Algabid ya daina bi ta rumfar Illa. Aka dakatar da Sallau, shi kuma ya ce ai shi abin da aka rubuto ya karanta, katin kuwa ya ɓace. Ran Asabar wani jandarma ya zo ya gaya wa Illa lajidan, shugabansu, yana nemansa ran Litinin da safe. A zamanin nan, wanda aka ce yana raba kan jama'a, mota ce ke kai shi Damagaram, ba a faɗin ranar dawowa.

Akwai abin da Illa ya sani bai gaya wa kowa ba. Tun da Inna Dije ta rasu, wata biyar ke nan, bai sake aika kati ba. Amma Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai, ya kunna rediyo ya ji ana cewa yana gaida mahaifiyarsa. Ya shiga bayan rake ya share ido. Wata Juma'ar ma haka. Ya ɗauka Ummaru ne ke aikawa a ɓoye don tausayi, bai tambaya ba, kar ya tambaya a daina. Mutanen gari kuwa cewa suke rashin uwa ya taɓa shi, a bar shi.

Yanzu fa sai tausayin nan ya sake kama a idonsa. Ya tuna Ummaru ya taɓa neman aron garkarsa, shi Illa ya hana. Ya tuna yadda Ummaru ke murmushi in yana rubutu, mutum bai san me alƙalami ke zubawa ba. Ya tafi bakin gidan waya, bai ko yi sallama ba.

“Malam Ummaru, me na yi maka?”

“Au, yau ka tuna hanya? Idi na tasha ya tafi cin rani ne?”

“Wane Idi?”

“Mai rubutun da ka koma wajensa mana. Wata biyar ina jin sunanka a rediyo, ba da alƙalamina ba.”

“Ba kai ke aikawa ba?”

“Ni da na zauna zaman makokinta kwana bakwai, ni zan rubuta ana gaishe ta? Illa, zargina ka zo yi?”

Mutane biyu da ke jiran a rubuta musu wasiƙa zuwa Kano suka sunkuyar da kai suna sauraro da kyau. Illa ya juya ya tafi, yanzu kuma Idi yake zargi, alhali bai taɓa haɗa ko gaisuwa da shi ba.

Yayarsa Balki ya tarar tana surfa 'yar jar dawar agaji. Ta saurare shi har ya gama ba ta ajiye taɓarya ba.

“Me Sallau yake kirana a rediyon?” ta ce.

“Balki mai fura.”

“Rabona da dama fura tun shanu na da nono. Ƙanwarmu Sa'a fa?”

“Amarya Sa'a.”

“Amaryar da ke goyon na biyu. Kai dai da ka ji sunan Inna kunnenka ke toshewa. Wa ke aika kati a yunwar nan? Tsofaffin katunanka Sallau yake zarowa ya cika lokacinsa, ranar nan kuma bakinsa ya yi ƙaiƙayi ya rataya maka. Ka je ka faɗa wa lajidan.”

“Yaya, in na faɗa za su daina karantawa.”

“To zauna, sai su riƙa gaishe ka kai ma kana Damagaram.”

Ran Litinin Illa ya tarar da lajidan a bayan tebur, baƙo ne a garin, bai san wa ya mutu wa ke raye ba. A kan benci ga Algabid da wasu dattawan Buzaye biyu, an kira su a matsayin masu ƙara. Ba wanda ya amsa gaisuwar Illa da baki.

Illa ya faɗi komi. Lajidan ya ce:

“Wata biyar kana jin sunanka a kan katin da ba ka aika ba, ka yi shiru. Don me?”

“Ranka ya daɗe, ana gaida tsohuwata ne.”

“Wa ya ce ta mutu? Jiya ma wani ya ce mini ubansa ya mutu, na same shi yana cin tuwo.”

Aka aika a kira Ummaru. Ya zo da alƙalami a aljihu, bai dubi Illa ba, ya ce shi dai rabonsa da rubuta wa mutumin nan kati tun kafin azumi, abin da ya yi da wani marubucin kuwa bai sani ba. Lajidan ya ce wannan rabin shaida ce. Ya juya wajen benci.

“Kai da ka kawo ƙara, ka san uwar mutumin nan?”

Algabid ya gyara rawaninsa. “Abin da ke cikinsa ban sani ba. Dariya ma ban ga ya yi ba, ban ga bai yi ba. Uwar dai na sha furarta shekara talatin, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.”

“Da zai gaishe ta a kati bayan ta mutu?”

“Da ya aika kati bana, da ya sa sunana. Duk shekara in na sauka yana sawa. Bana ban ji ba, na ce ko don na zo ba raƙuma ne.”

Lajidan ya rubuta wani abu mai tsawo, ya ce Illa ya tafi gida amma kar ya bar gari. Bai bar garin ba, ba a kuma sake kiransa ba. Sallau dai ba a ƙara jin muryarsa ba, wasu suka ce an mai da shi wajen ajiyar faya-fayai, wasu suka ce nesa da nan.

Juma'ar da ta biyo, wani sabon mutum ya karɓi shirin, mai magana a hankali kamar ana riƙe da rigarsa ta baya. Kati huɗu ya karanta, ya cika sauran lokacin da kiɗa. Illa ya saurara har ƙarshe, rediyo a cinya. Ummaru ya wuce ta gabansa zuwa gida ya ɗaga hannu daga nesa. Can sai ga Algabid, ya tsaya ya ɗauki rake guda, ya juya shi ya dudduba, ya ce bana duk ya bushe. Illa ya kashe rediyon, ya ce pil ne, wato batir, ya kusa ƙarewa, ya matsa masa wuri a tabarma.