Gurbin Yatsa a Ƙaurin Furera

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu aka kwaso mu kusa da garin Ƙofa, a nan 'yata Furera ta zo wankan jego na haihuwarta ta uku. Ni na haife ta, ni kuma zan kula da ita yadda aka kula da ni.

Sai ga yarinya da sabon iyayi. Wai tun haihuwar baya da ta kumbura aka kwantar da ita a birni, likita ya ce zuciyarta ta raunana, sai lallaɓawa. Ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta kanwa da gishiri, ya koya mata danna ƙaurinta da babban yatsa kowace safiya. In wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa na taruwa a jiki, ta nemi asibiti.

Kai jama'a! Mai jego ba kunun kanwa? Nonon daga ina zai zo?

Kullum in dama in kai mata, kwano ya dawo fes, ina ta murna. Ran kwana tara na ga kaji sun taru a bayan ɗakinta suna tsattsagar ƙasa. Ashe zubarwa take yi. Raina ya ɓaci matuƙa.

"Inna, don Allah," in ji ta, "na san jikina."

"Kin fi ni saninsa? Shanye a gabana, ko kuwa ban yafe nonona ba!"

Na damo wani, ta karɓa ta sha. Kwana biyar ina tsaye a kanta. Ta fara tari, kwanciya ta gagare ta sai jingina, awarwaro ya kama mata hannu. Na ce ƙibar jego ce.

Ran na shida da hantsi na shigo da kunu, na tarar ta ƙulle kayanta, ta miƙe ƙafa a tabarma tana haki.

"Ajiye, Inna. Zo ki danna da hannunki."

Na danna don in ƙaryata ta. Yatsana ya nutse kamar a tuwo. Na ɗaga, ramin na nan. Tsoro ya kama ni, wallahi.

"Na sha ƙwayata," ta ce a hankali. "Daga yau ni zan faɗi abin da zai shiga bakina. Asibiti zan koma, motar Kano kuwa sai jibi take biyowa."

Na fita na kifar da kunun, na dawo da sauri na duba ƙafar. Gurbin yatsana bai cike ba.