Ramar Ainu Shams

Hafsan 'yan sandan ya ɗaga ganyen sama ya auna shi da rana. Yatsu biyar gare shi, sirara, bakinsu da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Ya juya shi, ya shinshina, sannan ya sauke idonsa a kan Sabuwa.

"Mene ne wannan?"

"Rama ce," in ji ta.

"Me?"

"Rama. Ci ake yi."

"Da Larabci nake tambayar ki. Mene ne sunanta da Larabci?"

Nan ta tsaya cik. Shekara uku a Alƙahira sun koya mata Larabcin kasuwa da na maƙwabta. Ta san kuɓewa ita ce bamiya, lalo mulukiyya, yakuwa karkade. Amma rama ba ta taɓa ganin ta a kwandon kowa a kasuwar Ainu Shams ba, saboda haka ba ta taɓa neman sunanta ba. Cikin ɗakin ledar zafi ya taru har gumi na bin bayanta, a waje kuwa iskar Fabrairu tana bugun ledar kamar ana kakkaɓe zane.

"To bari ni in gaya miki sunanta," hafsan ya ce a hankali. "Wiwi. Tushe tamanin da huɗu, mun ƙirga. Kin san shekarun da ake yi a kurkuku a kan tushe ɗaya?"

Ba don ta ɓoye wani abu ta gina ɗakin ba. Lambun ɗan fili ne, taku ashirin da biyar a tsaye, goma sha biyu a kwance, can ƙarshen unguwa inda gidajen jan bulo suka ƙare gonaki suka fara. Mijinta Abdussalam ɗalibi ne a jami'ar Azhar, daga asuba zuwa magariba yana tsakanin aji da ɗakin karatu, ita kuwa tana hawa na huɗu tana kallon shanyar mutane. 'Yar manomin lambu ce daga Kura, tun tana ƙarama ta iya jan fangali. Da ta ga filin a yashe, cike da fasassun kwalabe da tsummoki, ta matsa wa Malam lamba har ya je ya sa hannu a takardar haya. Iyakar abin da ya yi ke nan. Sauran duk hannunta ne. Ta kwashe shara kwando arba'in, ta ja fangali goma sha shida, ta kafa 'yar bukka da rassan dabino da tsohon kwano, inda take ajiye fartanya da bokitai da gwangwanin irin da ta zo da shi daga gida.

Shukar farko sanyi ya cinye. Albasa da tumatir sun jure, rama kuwa ta fito ta yi ja ta kwanta. Maƙwabcinta na gona, Ammu Atiyya, wani tsoho mai farin gashin baki da ke noman kabeji, shi ya ba ta labarin ɗakin leda da ya taɓa gani a wata babbar gona. Ta lanƙwasa rassan dabino, ta lulluɓe su da leda mai kauri, ta danne gefe da bulo. Amma kafin iri ya tsiro ita da tsohon sun ɓata. Akuyarsa ta shigo ta share mata fangali uku na kuɓewa. Ta yi masa magana, ya ce akuya ba ta san iyaka ba, ta ce shi ai ya sani. Washegari ya toshe mata hanyar ruwa da laka. Ita kuma ta sayo makulli ta garƙame ƙofar ɗakin, ta koma ɗebo ruwa da bokiti daga famfon bakin titi. Wata uku ke nan ko sallama ba ta haɗa su.

Ta ƙofar da aka ɓalle yanzu tana hango shi a kan iyakar gonarsa, ya dogara da fartanya yana kallo. Bai matso ba, bai kuma tafi ba. Ba ta buƙaci a gaya mata wanda ya kai ƙara ba.

"Ku shigo da shehin," in ji hafsan.

Sai a lokacin ta san Malam yana cikin motar. Ashe gida suka fara zuwa. Ɗan sanda guda ya turo shi ciki, sai da ya sunkuya don ƙofar gajeriya ce. Silifas ɗin banɗaki ne a ƙafarsa, ba hula, tawada a yatsunsa biyu. Saura kwana tara ya tsaya gaban malamai ya kare kundin digirinsa na biyu, aikin shekara huɗu, wanda iyayensa a Gwarzo suke jira kamar watan salla. Ya dubi ramar da ta kai masa ƙirji, ya dubi matarsa, kamar dukansu biyu yau ya fara ganin su.

Ya fara bayani da Larabcin littafi, tsantsa, kowane wasali a wurinsa. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya ƙunshe dariya. Hafsan ya bar shi ya yi nisa, sannan ya zaro takardar haya daga aljihu ya buɗe masa a fuska.

"Sa hannun wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. To filin naka ne, shukar taka ce. Yau za ka kwana wurinmu, gobe mu rubuta wa jami'arku da ofishin jakadancinku. Karatu kam ka gama."

Sabuwa ta dubi mijinta. Ta ga yatsunsa na neman carbi a aljihun da babu carbi.

"Ranka ya daɗe," ya ce, muryarsa ta sirance, "suna ne kawai nawa a takarda. Lambun na matata ne. Ita ta shuka, ita ke riƙe da makulli. Ni wallahi ban taɓa sa ƙafata a nan ba sai yau. Ban san abin da ke ciki ba."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi yi mata nauyi ke nan. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ci kwaɗon wannan ramar da ƙuli-ƙuli har ya nemi ƙari, ya ce rabonsa da irinsa tun na hannun mahaifiyarsa. Ta jira ya faɗi wannan. Ya sunkuyar da kai yana kallon silifas.

Hafsan ya dube shi na ɗan lokaci, ya taɓe baki, ya juya.

"To shi ke nan. Ku sa mata ankwa."

"Ranka ya daɗe, mace ce, ai..." in ji Abdussalam.

Ƙarfen ya yi ƙara a ɗamarar ɗan sandan. Sabuwa ta ja da baya har gadon bayanta ya taɓa leda. Ta kai hannu ta tsinko ganye cike da tafi, ta cusa a baki, ta tauna. Tsamin ya cika mata dasashi, ƙananan ƙayoyin karan suka soke mata yatsu.

"Abinci ne," ta ce, kore na zubo mata a gefen baki. "Duba. Abinci."

"Tana cinye shaida!" wani ya ce, ya damƙe mata hannu.

Ba ta san daga ina muryar ta fito ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, ko a Kura ko a nan.

"Ammu Atiyya! Ammu Atiyya, zo ka gani da idonka!"

Hafsan ya yi murmushi. "Shi kike kira? Ai ya gani, shi ya sa muka zo." Ya leƙa waje ya yafuto tsohon. "Zo, baba. Zo ka tabbatar a gabanta, mu rubuta, mu tafi."

Tsohon ya taho a hankali, yana tsallake fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya shigo. Idonsa ya ɗauki lokaci kafin ya saba da farin hasken ciki. Ya dubi ganyen sama masu yatsu, sannan ya durƙusa ya dubi na ƙasa, masu faɗi, waɗanda ba su rabu ba. Ya shafa karan da babban yatsa. Sabuwa ta ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta saki, launinta ya canza, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda dubawa take buƙata.

Ta fahimci abin da yake aunawa. In ya ce wiwi ce, ya tashi ya koma ga kabejinsa. In ya faɗi gaskiya, ya zama tsohon da ya fito da hafsa da mota da mutum uku a kan banza.

"To?" in ji hafsan. "Ba mu da yini guda."

Iska ta bugi leda sau biyu.

"Kai manomi ne," Sabuwa ta ce da karyayyen Larabcinta. "Ni ban san sunanta ba. Kai ka sani."

Bai dube ta ba. Ya kama tushe guda ya tumɓuke, ya kakkaɓe ƙasar. Ya sa farce a gindin karan ya saɓule ɓawon, dogon zare ya biyo hannunsa tun daga ƙasa har sama. Ya raba shi biyu, ya ɗage rigarsa zuwa gwiwa, ya tofa yawu a tafi, ya shiga murzawa a kan ƙwaurinsa. Cikin ɗan lokaci igiya ta fito, kamu biyu, siririya. Ya miƙa wa hafsan da hannu biyu.

"Ja ka gani, ya basha, ranka ya daɗe."

Hafsan ya naɗe ta a yatsu ya ja. Ba ta tsinke ba. Ya sake ja har ta yi masa shaida a fata.

"Til ne sunanta a nan, ba wiwi ba ce," tsohon ya ce, kansa a ƙasa. "Ubana yana shuka shi a gefen auduga, mu yi igiyar jaki da shi. Ni daga waje na ga inuwar ganye a jikin leda, ga ƙofa a kulle, ga baƙi. Na yi kuskure. Allah ya gani, na yi kuskure."

Marin ya zo da sauri har Sabuwa ba ta ga tashin hannun ba, sai dai rawanin tsohon da ta gani a cikin fangali. Bai kare fuskarsa ba, bai kuma ɗauki rawanin ba.

"Ɗakin gwaji ne zai faɗa, ba jaki irinka ba," in ji hafsan. "Ku tumɓuke duka."

Suka tumɓuke tamanin da ukun da suka rage, suka ɗaure su dami-dami. Da damin farko ya ƙi fita ta ƙofa, ɗaya ya zaro wuƙa ya farke ledar daga sama har ƙasa, sanyi ya faɗo ciki. An sake mata hannu. Hafsan ya sa fasfo ɗinsu biyu a aljihu, ya ce su zo bayan mako guda su ji sakamako. Motar ta tafi, saiwoyi na lilo a bayanta.

Ammu Atiyya ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe. Kuncinsa ya yi ja. Ya dubi Sabuwa ya ce, "'Yata, da gaske ku igiya kuke ci?"

Sabuwa ta kau da kai. Tana tsoron in ta buɗe baki ba ta san ko dariya ce za ta fito ko kuka ba.

A hanyar gida Malam yana gaba tana baya, kamar kullum. A kwanakin da suka biyo ta dafa, ta wanke, ta goge masa babbar rigar da zai sa. Duk ƙarar takalmi a matakala sai dukansu biyu su daina abin da suke yi har ta wuce ƙofarsu. A rana ta huɗu, suna cin abincin rana, ya ajiye cokali.

"Sabuwa, abin da na faɗa ranar nan... na yi tunanin in ɗayanmu yana waje zai iya zuwa ofishin jakadanci ya nemo taimako. Kuma ai gaskiya na faɗa."

"Na sani, Malam," in ji ta. "Gaskiya ka faɗa. In ƙara maka miya?"

A rana ta takwas aka miƙo masa fasfo ɗin ta taga, ba bayani, ba ban haƙuri. Washegari ya kare kundinsa, malamai suka yaba, 'yan uwansa ɗalibai suka cika gidan. Ta soya kaji huɗu, ta amsa barka daga bayan labule.

Da safiyar Asabar tana durƙushe a lambu, tana ɗinke tsagar ledar da babbar allura, ta ji motsi a bayanta. Ta zaci akuya ce. Da ta waiga sai ta ga Malam, da farar riga da takalmin fata, ya naɗe hannuwan riga zuwa gwiwar hannu kamar mai shirin alwala. Ya tsaya a tsakiyar fili yana dube-dube.

"Na ce ko akwai abin da zan kama miki."

Ta daɗe tana kallonsa, allura a hannu. Can nesa Ammu Atiyya ya daina sara, ya miƙe yana kallonsu.

"Akwai," ta ce. "Amma fara matsawa gefe tukuna. Albasa kake takawa."

Ya dubi ƙasa da sauri, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya rasa inda zai sauke ta. Sabuwa ta juya ta ci gaba da ɗinkinta.