Kuɗin Sanyi

Ƙarfe bakwai na safe ne, amma rana ta riga ta fito da fushinta. Siriri ya tsaya bakin ɗakin sanyi na kamfanin ƙanƙara yana tari, ƙugiyarsa a kafaɗa. Jikin bango riguna biyu ne rataye a ƙusa, masu kauri, sababbi fil, da safar hannu a aljihu. Kwana tara ke nan da kamfani ya kawo su don masu shiga sanyi, ba wanda ya taɓa su.

Ma'aikatan wurin kashi biyu ne. Akwai masu lodi a waje, sai shi da wani dattijo da ake kira Baba, masu jawo ƙanƙara da ƙugiya daga ciki. Na ciki ana yi musu ƙari a kan albashi, kowa na ce masa kuɗin sanyi. Da shi Siriri ya sa 'yarsa makaranta.

Baba ne ya hana a sa rigunan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Na yi aiki a siton siminti," in ji shi. "Watan da aka raba mana takunkumi, watan aka yanke kuɗin ƙura. Wahalarka ake saya, ɗana. In ta ragu, farashi ya ragu."

Siriri ya ji maganar, sai dai tarin ya ƙi ji. Yau da zai fito matarsa ta tare ƙofa.

"Maigida, ko ka sa rigar ko ka bar aikin. Kuɗin sanyi ba zai zame wa yarinyar nan uba ba."

Don haka da ya hango Manaja ya iso, sai ya ajiye ƙugiya ya gaishe shi.

"Yallaɓai, tambaya gare ni. In mun sa rigunan nan, za a taɓa mana ƙarinmu?"

Manaja ya ɗan sosa ƙeya. "Ba zan ɓoye maka ba. Mai kamfani ya ce tunda an kashe sanyin, me za a ci gaba da biya?"

"Gaskiyarsa," wani ya ce daga kan mota. Mai Baki ne, babban masu lodi, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. "Mu muna soyuwa a rana, su suna shan iska a inuwa, a kuma ƙara musu. Ni a ba ni rigar, kyauta ma na shiga."

Siriri ya juya. Ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. In Mai Baki ya jure, ba ƙarin kaɗai zai tafi ba, har aikin. Amma Siriri ya gaji da tsoron riga. Ya sauko da ɗaya daga ƙusa, ya miƙa wa Mai Baki tare da ƙugiyar.

"Bisimilla, yaya. Mota ɗaya kawai ka cika."

Mai Baki ya shiga yana waƙa. Ƙanƙara ta fara fitowa, ɗaya na bin ɗaya. Can waƙar ta tsaya. Can kuma ƙanƙarar ta fara jinkiri. Motar ba ta kai rabi ba ƙofa ta buɗe, ya fito yana takawa kamar mai koyon tafiya, haƙora na haɗuwa. Ya nemi tsakiyar ranar da yake zagi ya tsuguna.

"Yaya iskar inuwa?" in ji Baba.

"Rigar ta yi ƙoƙari," ya ce a hankali. "Amma hancin nan ba nawa ba ne. Ƙafafun ma aro ne."

Masu lodi suka kwashe da dariya. Manaja ya jira suka lafa.

"To, a albashinka na yanzu za ka koma ciki?"

"Yallaɓai, ko da ƙarin sai na yi shawara da gwiwoyina."

Manaja ya bi sauran da kallo. Wannan ya duƙa gyaran takalmi, wancan ya tuna ana kiransa bayan mota. Manaja ya yi murmushi, ya juyo wurin Siriri.

"Ku sa rigunanku. Zan gaya wa mai kamfani abin da na gani. Aikin da ba mai so, dole a biya mai yinsa."

Baba ya daɗe yana juya tasa rigar kamar mai neman tarko a ciki, sannan ya zura hannu.

Da aka dawo daga hutun rana, Siriri ya tarar ƙusarsa wayam. Ya duba nan, ya duba can, sai ga rigar shimfiɗe a kan bututun inji mai zafi, an ma juya cikinta waje. Mai Baki na kan mota ya ba shi baya kamar ba shi ya shimfiɗa ta ba, yana yi wa wani faɗa a kan buhu.

Siriri ya sa ta da ɗuminta, ya ɗauki ƙugiya, ya tura ƙofa.