Watan da Idon Kowa Ya Gyaru a Shagon Mai Tabarau

Mai Tabarau ya riga kowa sanin abin da ke damun idonsa, ai sana'arsa ce. Yanar ido ce ta fara rufe shi, na dama ya fi jin jiki. Ya sauya wa kansa gilashi ya sake sauyawa, yana kulle shago da rana tsaka wai zai ɗan kishingiɗa. Amma ya sani sarai babu gilashin da ke maganin yana sai hannun likita, shi kuwa mutum ne da ko allura aka ambata sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Ga kuma 'ya'yansa da suka daɗe suna neman dalilin da za su zaunar da shi a gida. Ranar da suka ji labarin idon nan, ranar za su zo da kwaɗo su garƙame masa shago. Wannan tsoron ya fi na likitan ma yawa, don haka ya ja bakinsa ya yi gum.

Shagon siriri ne, a matse tsakanin shagon Tela da na mai gyaran waya. Akwai akwatin gilashi cike da firam, da akwatin katako na gilasan gwaji, da kujerar da mai gwaji ke zama a kai. A bangon ƙarshe kuma akwai kwalin haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa, wanda ya tsufa har ya koma ruwan ƙasa. Matsalar kwalin ita ce duk mutanen layin sun haddace shi. Tela kan karanta shi tun daga sama har ƙasa ya juya masa baya, yana cizon zare.

Autarsa ce ta ce abin ya isa haka. Rubuta manhajar kwamfuta ne aikinta, aikin da uban ya kasa gane yadda ake biyan mutum a kansa alhali a zaune yake wuni. Wata safiya ta zo da ƙaton allo kamar talabijin ta sa aka kafa a inda kwalin yake, ta jona shi da tsohuwar kwamfutar da ke kan teburinsa.

"Manhajar taga biyu gare ta, Baba," in ji Auta. "Wannan ƙaramar ta gabanka, a nan za ka zaɓi layi. Waccan ta bango za ta nuna wa mutum layin da ka zaɓa kaɗai, kuma kullum haruffan sauyawa suke yi. Tela ya je ya haddace mu gani."

"To me ya sa ta daɗe haka kafin ta shiga kwamfutar? Haruffa ne fa kawai."

"Saboda akwai burauza a cikinta."

"Abin da ake shiga intanet da shi? Ni na ce miki ina son intanet?"

Ta yi dariya ta jawo kujera. Ta ce ba intanet za ta shiga ba. Wasu shagunan ma suna son manhajar, kuma kwamfutocinsu iri uku ne, kowace da tsarinta, abin da aka rubuta wa ɗaya ba ya tashi a kan ɗayar. Maimakon ta rubuta sau uku, sai ta zana fuskar manhajar sau ɗaya kamar shafin intanet. Daga nan ta ɗauko injin burauza, wanda ya riga ya iya tafiya a kan duka ukun, ta cire masa duk wani maɓalli da ado, ta dasa shi cikin tagarta. Shi injin da wani yaren kwamfuta mai wuya aka gina shi, ita kuma da mai sauƙi take rubutu, amma akwai waɗanda suka yi gada tsakaninsu. Tana ba da umarni daga nata ɓangaren, injin yana bi.

Mai Tabarau ya saurara har ta gama, yana gyaɗa kai kamar mai fahimta.

"Wato dai," ya ce, "madubin mota kike so, sai kika sayo motar sukutum kika ajiye mini a shago."

"Kusan haka ne, Baba. Amma na ɗaure ta, ba inda za ta."

Ta auna haruffan bangon da rula ɗaya bayan ɗaya, ta auna nisan kujera, domin a gwajin ido girman harafi shi ne komai. Shi kuwa hankalinsa na kan tagar gabansa, wadda rubutunta ya zame masa kamar tururuwa a cikin hazo.

"Auta, ba ki ga rubutun nan ya yi ƙanana ba?"

"Haba Baba, kai da kake hango ƙura a gilashi tun daga bakin ƙofa?"

Ya yi murmushi ya ce gwada ta yake yi. Da ta tafi ya zauna ya tasa allon a gaba, ransa a jagule.

Kwanakin farko da ƙyar ya yi su. Yakan manna hanci a allo idan ba kowa, ya haddace inda kowane layi yake, in mutum ya shigo sai ya danna da ka. Rannan yana cikin wannan leƙen, gefen akwatin gilasan gwaji ya hau kan maɓallin da ke can kusurwar kibod, shi kuma yatsansa ya murza 'yar tayar da ke bayan maus. Rubutun ya kumbura. Ya sake murzawa, ya ƙara kumbura. Ya yi ta murzawa har kalmomin suka fito ɓaro-ɓaro, ya karanta su a zaune daram, bayansa a jingine. Daɗin da ya ji a lokacin ya daɗe bai ji irinsa ba, har sai da ya sa wa Auta albarka a fili, shi kaɗai a shago.

Ya ɗaga kai ya dubi allon bango, ya ga haruffan ma kamar sun ɗan fi fitowa. Ya ce a ransa lallai kayan zamani akwai haske.

Daga ranar idon mutanen layin ya fara gyaruwa. Malamar makarantar da ta zo tana kukan ba ta ganin rubutun allo daga bayan aji ta karanta layin ƙarshe ba gargada. Mai gyaran waya ya karanta da ido ɗaya. Wata tsohuwa da jikarta ta riƙo wa hannu ta zauna ta zazzago haruffa har ƙasa, ta tashi tana faɗa wai dama ta gaya musu lafiyarta ƙalau, kuɗinta ake so a ci. Mai Tabarau mutum ne mai gaskiya a sana'arsa, ba ya sayar wa mai ido tabarau. Duk wanda ya kai layin ƙarshe sai ya sallame shi da fatan alheri. Firam suka fara tara ƙura, shi kuma yana ta mamakin irin lafiyar da ta sauka a unguwar.

Cikin waɗanda ya sallama har da Direba, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ke jan bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta. Direba ya shigo yana ƙorafin allunan hanya sun daina fitowa sai ya zo dab da su, hasken rana kuma na kashe masa ido. Ya zauna, ya karanta har ƙasa.

"Idonka ya fi nawa," in ji Mai Tabarau, kuma wannan kam gaskiya ya faɗa. "Ka dai wanke gilashin motarka."

Auta ta dawo wata ranar da hantsi don ta ga yadda aikinta ke tafiya. Ta tarar da Tela a kujerar gwaji, ya shigo ne musamman don ya nuna wa na'urar cewa ba hadda ce ta cece shi a da ba. Yana karanta layin ƙarshe yana kaɗa ƙafa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi bango, ta daɗe tana kallo.

"Kawu Tela, ara mini tef ɗin awonka."

Ta auna harafi guda. Ta sake aunawa. Ta miƙa masa tef ɗinsa ta yaba wa idonsa, ta raka shi har waje, sannan ta dawo ta turo ƙofa.

"Baba, wane layi ne wannan?"

"Na ƙarshe mana."

"Girmansa ya kai na layin da ke kusa da na sama."

Ta zagayo bayan teburin, ta ga tagarsa da rubutu manya-manya kamar na allon talla. Ta dafe kai.

"Laifina ne," ta ce. "Burauza duk inda ka kai shi halinsa na nan. Yana ƙara girman shafi in an ce ya ƙara. Na toshe maɓallan da ke yin haka a kan kwamfutocin nan uku, na gwada, na sake gwadawa. Amma tawa ba ta da maus, da yatsa nake shafa ta, ko kaɗan tayar nan ba ta zo mini a rai ba. Kuma tagogin biyu inji ɗaya ne a cikinsu, a wurinsa shafukan gida ɗaya suka fito. In aka ƙara wa ɗaya girma sai ya ƙara wa ɗayan, ya kuma riƙe abin ko an kashe an kunna."

"Ashe motar taki ba ta ɗauru ba," ya ce, yana neman ya mayar da abin wasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta murza tayar baya har rubutun ya koma yadda ta bar shi.

"Karanta mini abin da ke saman nan, Baba."

Ya dubi allon. Tururuwar nan ce cikin hazo. Ya gyara zaman tabaraunsa, ya yi gyaran murya, ya ce hasken shagon ne ba shi da kyau yau. Auta ta zuba masa ido. Ya fi son ta yi faɗa, don faɗa ya san yadda ake amsa shi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗan da ya haifa ba.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"An ɗan jima."

"Mama ta sani?"

"In ta sani ai yayyenki sun sani, in sun sani kuma kin san sauran."

Ta zauna a bakin teburin tana wasa da wayar maus ɗin. Can ta ce gyaran ba wuya. Za ta raba tagogin, kowace da nata saitin, ta kulle ta bango yadda ko an yi mata me ba za ta motsa ba, tasa kuma ta bar masa ita da girma yadda yake so. Kafin la'asar ta gama. Ba sai kowa ya ji ba.

Ai kuwa abin da yake so ke nan, har ya buɗe baki zai ce Allah ya yi mata albarka. Sai fuskokin waɗanda ya sallama suka fara zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Malama, da tsohuwar nan, da sauran. Da ya zo kan Direba sai ya tuna cewa a daidai lokacin ma wataƙila yana kan titi da mota cike da mutane, ya wanke gilashi tas kamar yadda aka ce masa.

"Yi gyaranki," ya ce. "Amma fara kira mini Direba, ki ce in ya sauke mutane ya ajiye motar ya zo a ƙafa."

Direba ya iso bayan azahar yana mita, wai an sa shi tafiyar ƙasa kamar marar sana'a. Ya zauna a kujera da ƙarfin gwiwar wanda ya riga ya ci jarrabawa. Layin sama ya wuce lafiya, na biyu da ɗan tsaye-tsaye. A na uku ya ƙanƙance ido ya miƙa wuya.

"Kun sauya allon ne?"

"Mun mayar da shi daidai ne. Wancan karon ni na yi kuskure."

Mai Tabarau ya ɗora masa firam ɗin gwaji, ya sa wannan gilashi ya cire, ya sa wancan. Babu wanda ya ƙara komai. Ya yi masa 'yan tambayoyi a kan hazo da hasken da ke kashe ido, kuma kowace amsa ya san ta tun kafin a ba shi. Ya rufe akwatin.

"Yanar ido ce, mutumina. Ba aikina ba ne, na likita ne."

Direba ya cire hula. Ƙaton mutum, amma sai ga shi yana murza hularsa a cinya.

"Yanka ido fa ke nan. Ni dai a bar ni haka, ai ina gani. In masu motar suka ji, sun karɓe makulli."

"In ka ɓoye ma za su karɓa, sai dai ranar ba za ta yi kyau ba," in ji Mai Tabarau. "Aikin ɗan lokaci ne, kana kwance za a gama. Kana nan kana lallaɓawa, kana haddace hanya, kana cewa hasken ne ba kyau, alhali mutane sun ba ka amana suna zaton kana gani. Wannan ba jarumta ba ce, tsoro ne kawai, kuma wasu ne za su biya."

Ya tsaya. Auta ta duƙar da kai a kan kwamfuta, tana ta danne-dannen da ba su da dalili.

"Kai da bakinka," in ji Direba. "Da sauƙin faɗa tunda ba kai za a kwantar ba. To za ka raka ni?"

Mai Tabarau ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Zan raka ka," ya ce. "Auta, kira asibitin idon nan, ki ce mutum biyu ne. In kin gama ki kira mamarki ki ba ni."