Mangwaron Gonar Kanar

Da aka kama Janar Korei cikin kwalekwale yana neman tsallake kogi, sabuwar gwamnati ta naɗa mutum uku su yi masa tambayoyi. Akwai mai shari'a Madam Nelumta. Akwai Kanar Dungus, wanda ya juya wa Janar baya da mulki ya zo ƙarshe. Na ukun tsoho Ngaradum ne, masunci, a madadin iyayen waɗanda suka ɓace. Ɗansa Mbairo ɗalibi ne lokacin da sojoji suka ɗauke shi a bakin kasuwa. Gawa bai gani ba, kabari bai gani ba, don haka har yau bai yarda an yi makoki ba.

Tambayarsa ɗaya ce kullum.

"Ina kuka binne su?"

Janar ya rame, gemunsa ya yi furfura, amma yana zama kamar har yanzu ƙasar a aljihunsa take. Ran nan ya yi hamma ya ce, "Kai tsoho, ka ishe ni. Tambayi na kusa da kai mana. Gonarsa ta bakin kogi, ka taɓa shan mangwaro mai zaƙin nata? Ta sha taki."

Kanar ya buga tebur. "Ƙarya yake yi, la'ananne! So yake ya tafi da ni!"

Da aka fita da Janar, gardama ta kaure. Madam ta ce, "Baba, a yi hattara. Da farko cewa ya yi a kogi aka zuba su. Daga baya ya ce suna ƙasar waje suna shan iska. Yanzu kuma gona. Ba zan sa a tone gonar mutum a kan maganar maƙaryaci ba."

Ngaradum ya yi ta juya maganar a ransa. Murmushin Janar bai kwanta masa ba. Gumin da ya keto wa Kanar ma bai kwanta masa ba.

Da yamma ya shiga kasuwa wajen matar da ke sarin mangwaron gonar. Tana ƙirga masa ta ce, "Ai Kanar mutumin kirki ne, Baba. Duk mu yake sayar wa, ko ɗaya ba a kaiwa gidansa."

Tsohon ya tsaya yana dubanta. A ƙasarsu, mai gona ba ya kai amfani kasuwa sai iyalinsa sun fara ɗanɗanawa.

Washegari ya shigo da mangwaron cikin ƙwarya, ya wanke, ya ajiye tsakiyar tebur.

"Na gonarka ne, Kanar. Kowa ya sa hannu."

Janar ne ya fara ɗauka. Ya gatsa, ruwan na bin gemunsa, idonsa a kan Ngaradum. Wannan bai nuna komai ba. Mutum irinsa ko a kan kabarin uwarsa zai ci abinci.

Madam ta ɗauki ɗaya. Kanar bai motsa ba.

"Kanar, kai muke jira."

"Likita ya hana ni zaƙi, Baba."

Janar ya tuntsire da dariya. "Likita! Dungus, yaushe ka yi likita?"

Ngaradum bai bi ta kansa ba. Kofin shayin da ke gaban Kanar yake kallo. Da idonsa ya ga sukarin da aka zuba ciki da safe, har cokali na tsayawa. Madam ta bi idonsa, ta dubi kofin, sannan a hankali ta mayar da mangwaronta cikin ƙwarya.

"Baba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan ba hujja ba ce a kotu."

"Ni ba kotu ba ne."

"Idan kuma wasa Janar yake da hankalinka?"

"To ƙasa za ta faɗa. Ita ba ta tsoron kowa a cikinsu."

Ya miƙe, ya rufe ƙwaryar da rigarsa, ya rungume ta a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. A bakin ƙofa ya juyo.

"Zan je in ɗauko fartanya. Kanar, in kana da mai gadi, gaya masa ya kauce."